Kunnen Maraƙin Gide

Tun da aka kafa dokar, kowane maraƙi da ɗan ƙarfe a kunnensa. Ƙwayar zawo na shiga cikinsa ƙarfen zai yi ja. Idon hukuma, kyamarar da ke bisa dogon ƙarfen tsakiyar ruga, na hango jan, mota za ta zo ta kwashe maruƙan garken duka.

Bara, Gide, ƙanin mijin Barira, ya tura maraƙinsa mai zawo cikin garkenta. Tara aka kwashe mata, ko ɗaya bai dawo ba.

Yau da safe ta tarar da farin maraƙinsa a garkensa yana tsuga zawo, an damɓara masa taɓo a kunne.

"Yaya Barira, ki rufa min asiri," in ji Gide. "Na ba shi jiƙon bagaruwa, zai tashi."

"Haba Gide! Ai marar lafiya ba ya son ƙazanta."

Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta durƙusa, ta wanke kunnen a hankali kamar mai wankan jariri, har jan ya fito tar. Sannan ta juya kan maraƙin wajen idon.

"Ni tara ne," ta ce, tana share hannu da zani. "Kai nawa gare ka?"