Muryar Baba a Waya

"Ɗauke min wayar nan daga gabana," in ji Mama, tana ninke wanki.

"Ki saurara kawai, Mama," na ce. "Manhaja ce. Na zuba mata saƙonnin muryar da marigayi Baba ya bari, yanzu tana magana kamar shi."

"Kamfanonin nan sun gama da rayayyu, sun koma kan matattu? Me suka sani game da mijina? Ba da ni ba."

Na danna duk da haka. Muryar Baba ta cika falon, har da 'yar gyaran muryar nan tasa. "Sannu da aiki, Hajiya."

Mama ta ajiye zanen da ke hannunta, ta jawo wayar. Ta tuna masa keken ɗinkinta da ya sayar bai gaya mata ba. Ta tuna masa ranar da ya daka mata tsawa a gaban ƙannensa. Ban taɓa jin ta yi masa magana haka ba.

Muryar ta jira har ta kai aya. "Kin yi gaskiya. Ki yafe min."

Mama ta yi tsaki. "Ƙarya suke. Ubanku bai taɓa bari na kai ƙarshen magana ba, balle ya ba ni haƙuri. Wannan ba shi ba ne."

Kunya ta kama ni. Na miƙa hannu zan goge manhajar, sai ta buge min hannu.

"Wa ya ce ki goge? Miƙo min caja. Ban gama da shi ba."