Wuyan Hannun Solène

Wai an ce Solène ta rotsa wa saurayinta Titouan raket a ka, har jininsa ya rina filin tanis na garin Pau. Ƙarya tsagwaronta. Filin dama jar ƙasa ce, kuma ranar 'yar kawun nan tawa ko cokali da ƙyar take ɗagawa.

Sun gama atisaye ke nan, washegari za ta buga wasanta na farko a gasar manya da aka gayyace ta. Titouan, da ya shekara uku yana mayar mata da ƙwallo, ya tsaya bakin raga yana kallon hannunta na dama.

"Yau ƙwallonki ba nauyi. Wuyan hannun ne ko?"

Ta saci kallon mahaifinta, wanda shi ne kocinta, yana can yana waya. In ya ji, cire sunanta zai yi, kuma irin wannan gayyata ba ta zuwa sau biyu.

"Ka rufa mini asiri, Titou. Kwana ɗaya tak."

"In jijiyar ta tsinke gobe, ke da tanis har abada. Ki faɗa masa, ko ni in faɗa."

"Kana buɗe baki, mun rabu."

Ya ƙaƙaro murmushi. "Na ji. Gara ki tsane ni da hannu biyu lafiyayyu. Dama marinki na hagu ko sauro ba ya kashewa."

Ya nufi tsohon. Ta sha gabansa.

"Matsa can. Hannuna ne, ni zan faɗa. Kai jira ni nan, yanzu za ka san hagu."