Ranƙwashin 'Yar Fari

Ke da kike cewa tun da aka rufe mahaifiyarki ko dariyar 'ya'yanki ba kya son ji, matso nan in ba ki misali. Amma ban da kuka sai na gama.

An yi wata mata a wani ƙauye, 'ya'yanta huɗu. 'Yar farinta kuwa, kamar yadda aka saba, tun ranar yaye tsohuwarta, wato uwar matar, ta zo ta goya ta ta tafi, can hannun kaka ta girma. Ita uwar ko sunan yarinyar ba ta faɗa, saboda kunyar 'yar fari. In ta kama dole sai ta ce "waccan". Ana nan sai tsohuwa ta kwanta ciwo, ba a daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. Da aka share makoki aka ɗauko yarinya da ƙullin kayanta aka dawo da ita gidan ubanta, tana 'yar shekara tara ko goma. Matar nan mutuwar ta dake ta ba kaɗan ba. Kanta ya yi wata da watanni bai ga kitso ba, don tun tana ƙarama har ta haifi huɗu, ba mai taɓa kan nan sai uwarta. Yara su yi wasa ta daka musu tsawa, su yi shiru ta fashe da kuka.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne yarinyar. Ai ba yarinya aka kawo ba, tsohuwa ce aka rage wa tsawo. Tafiya hannu a baya, in za ta zauna sai ta dafa gwiwa ta ce "wash Allah". Ta ɗanɗana miya ta taɓe baki ta ce an yi rowar daddawa. Akuyar maƙwabta ta shigo, ta bi ta da muciya tana ja mata Allah ya isa, har da tono laifin kakannin akuyar. Ƙannenta su yi ta birgima don dariya, matan unguwa na leƙowa ta kan danga suna shan kallo. Uwar ce kaɗai ba ta dariya, don duk motsin yarinyar fami ne a wurinta, sai ta tashi ta shige ɗaki. Yarinya ba wawa ba ce, ta lura. Ta rage magana, ta koma cin tuwonta a bayan rumbu ita kaɗai, kowa ya manta ita ma uwa ta rasa. Maigida ya ga zaman ba zai yiwu haka ba, ya ce ranar kasuwa zai kai ta riƙo wurin ƙanwarsa a wani gari mai nisa. Matar ta ji, ba ta hana ba.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, tana zaune a bakin ƙofa ta zabga tagumi, ɗankwali ya zame ba ta sani ba. Yarinya ta zo wucewa da tsintsiya ta ga kan. Ta so ta kau da ido, tarbiyyar tsohuwa ta hana. Ta ja tsaki, ta kifa turmi ta hau, ta kamo kan uwarta ta sa tsakanin gwiwoyinta ta fara tsifa. Uwar ta zabura za ta miƙe, sai ji ta yi ƙwas, ranƙwashi a tsakar ka.

"Zauna da kyau. Ƙatuwar mace da kai kamar sheƙar ungulu."

Wallahi sak yadda tsohuwa ke yi mata in tana kitso, ko wurin da ranƙwashin ke sauka bai sauya ba. Matar ta buɗe baki za ta yi kuka, dariya ta riga fita. Ta yi ta yi har tana riƙe ciki, hawaye na zuba, ƙananan suka taru suna taya ta ba su ma san dalili ba. Mai kitso kuwa ko a jikinta, sai mita take yi a daina motsa mata kai. Kitson bai yi kyau ba, kada in yi miki ƙarya, duk ya karkace kamar huɗar ɗan koyo. Amma da aka gama, matar ta juyo ta jawo 'yar nan ta ɗora a cinya a gaban kowa, ta kira ta da bakinta, Saude, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ta. Suka yi kukan tsohuwarsu tare, suka share wa juna hawaye.

Washegari maigida ya fito da shirin tafiya, ya ce ina yarinya. Ta ce, "Malam, je ka kasuwarka. Uwa ɗaya na binne, ba zan ba da ta biyu riƙo ba."

Ban ce miki ta daina kewa ba, kewar uwa ba ta ƙarewa. Amma ke ma tashi ki je ki dubi naki da kyau, tsohuwarki na nan a cikinsu, wani ya ɗauki muryar, wani ya ɗauki masifar. Ba a banza Bahaushe ya ce, haihuwa maganin mutuwa ba.