Ƙaho a Kumatun Sama'ilu

Sama'ilu tela ne a Babura. Ɗinkinsa ba shi da makusa, amma fuskarsa ta hana shi sakat. Ƙurajen da suka feso masa tun yana ɗan shekara sha shida sun daɗe da mutuwa, sai dai sun bar masa ramuka da baƙin tabo a kumatu. Abokai su tsokane shi a yi dariya da shi, in ya koma shago ya tsaya gaban madubi ransa a jagule.

Saura wata biyu aurensa da Nafisat, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa yi masa zancen tabon ba, ya hau mota ya je asibiti a Kazaure. Likita ta duba fuskar, sannan idonta ya kai kan wani tudu a hannunsa, inda almakashi ya taɓa yankarsa.

"Malam Sama'ilu, fatarka in ta samu rauni, tudu take yi wajen warkewa," in ji ta. "Ga mai ka riƙa shafawa, ka rage shiga rana, ka dawo duk wata. Sai mun yi kamar wata shida. Ba zai goge duka ba, amma zai ragu sosai. Abu ɗaya: kada ka bar kowa ya sa maka ƙarfe a fuska."

Da ya dawo, ya kai labari wurin Kawu Muhammadu Lawal, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami. Kawu irin mutanen nan ne da ba a ambaton ciwo a gabansu su rasa magani. Bai taɓa warkar da ko kaza ba, amma bakinsa ya fi na likita goma.

"Wata shida?" Kawu ya taɓe baki. "Ango guda da fuska kamar rariya? Mataccen jini ne ya kwanta maka. Ƙaho biyu, an wuce wurin."

"Kawu, ai likita ta ce..."

"Likitar ta girme ni ne? Ko ni da na raine ka zan cuce ka?"

Sama'ilu ya sunkuyar da kai. Ya san gaskiya sarai, amma ya ji nauyin musa wa babba. Wannan nauyin ne ya kai shi ƙarƙashin rumfar wani wanzami ranar kasuwa. Wanzamin ya ga tudun hannun da idonsa, bai ko tambaya ba. Ya kafa ƙaho, ya cire, ya tsattsaga kumatu da aska, ya mayar ya zuƙa. Da baƙin jini ya zubo, Kawu ya yi ta gyaɗa kai yana cewa, "Ka ga cutar nan ta fito!"

Mako uku, wurin ya fara ƙaiƙayi. Mako biyar, kowace tsaga ta tashi ta yi tudu mai sheƙi, kamar an cusa igiya a ƙarƙashin fata. Tsofaffin ramukan suna nan, ko ɗaya bai cike ba.

Da likita ta gan shi, sai da ta ajiye biro don takaici.

"Wancan tabon da mai da haƙuri zai ragu. Wannan kuwa sai allura a cikin tudun, wata da watanni, kuma ban yi maka alkawari ba. Ko yanke shi aka yi, yakan dawo ya fi da."

Ya dawo gida zuciyarsa na tafasa. Ya tarar da Kawu a kan tabarma yana cin goro, ko a jikinsa.

"Ƙaddara ce, Sama'ilu," in ji Kawu. "Amma akwai wani wanzami a Roni, an ce hannunsa ya fi..."

"Kawu!" Sama'ilu ya katse shi. Tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga masa murya ba. "Ƙaddara ce ta kama hannuna ta kai ni rumfar nan? An faɗa mini, na faɗa maka, ka rufe mini baki da girma. Kai ka ba da shawara ka tashi da fuskarka lafiya lau. Ni zan yi yawo da ita har kabari!"

Kawu ya ajiye goron, bai ƙara zancen wanzamin Roni ba.

Jama'a, tabon ƙuraje ba mataccen jini ba ne, aska da ƙaho ba sa goge shi. Mu je wurin masana, mu yi haƙuri da magani. Girmama na gaba wajibi ne, amma shekaru ba ilimin likitanci ba ne, kuma wanda ba zai ɗauki tabon ba kada ya yanke hukunci a kan fuskar wani.