Gyaujin da Aka Kai Bohicon

Akwai likitan dabbobi a garinsu, akwai wani a garin gaba, amma dattijon bai ce wa direba ya tsaya ba. Sai da motar ta shiga Bohicon, inda yake ganin ba mai sanin fuskarsa, sannan ya sauka da kwandonsa, ya ja malafa ta rufe masa goshi.

A asibitin dabbobi, likitar, Madam Senami, ta tambayi sunansa. Ya ce Kojo. Ya ƙara da cewa dabbar ta maƙwabcinsa ce, aiko shi kawai aka yi. Ta buɗe kwandon.

Gyaujin da ke ciki ya rame har ƙashin bayansa ya fito, gashin wuya ya zube, ciki kuma ya kumbura. Da ta ce ya fito mata da shi, sai ya cafko tsakiyar jela. Ta buge masa hannu.

"Papa, za ka tsinke masa jela. A gindinta ake riƙewa. Yau ka fara taɓa gyauji?"

Ya sunkuyar da kai. Wasu mata biyu da ke jira da akuyarsu suka kalli juna.

Ta ɗebi kashin dabbar ta sa a madubin likita, ta kira shi ya leƙa. Ƙwan tsutsa ne ko'ina. Ta tambayi gyauji nawa ake kiwo a gidan. Ya ce sittin da biyu ne a farkon damina, yanzu saura talatin da ɗaya, kuma masu ciki ne suka fi mutuwa. Yaushe rabon da a share keji? Ya ce an daɗe. Ciyawar fa? Ya ce da sassafe ake yanko ta a fadama, a zuba musu.

Ta ajiye alƙalami. "Fadamar da awaki ke kiwo, da raɓarta da komai? Ai ba a ba su ciyawa sai..."

"Sai ta sha rana yini guda," ya ƙarasa mata, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ashe ka sani."

Ya san sauran ma. A kwashe kashi kullum. A ware marar lafiya. A wanke mazubin ruwa. A daka busassun 'ya'yan gwanda a haɗa musu a dusa lokaci-lokaci. Tana jerowa, shi kuwa ya san abin da zai biyo baya tun kafin ta buɗe baki, kowace kalma tana ƙara masa nauyi a wuya. Ɗaya daga cikin matan ta ce wa 'yar'uwarta, a bayyane, wannan maƙwabci dai ko kaza bai kamata a bar masa ba. Gumi ya karyo masa a ƙarƙashin malafar.

Da likitar ta ga haka, sai ta sassauta. Ta ba shi maganin da zai zuba musu a ruwan sha kwana uku, ya maimaita bayan sati biyu, ta ce ya ƙone duk tsohuwar ciyawar da ke kejin. Idan ya fara yau, sauran za su iya tsira.

"Amma magani tsutsa kawai yake kashewa, Papa. Maƙwabcin naka koyo yake bukata."

Ta yagi takarda ta yi rubutu. Ta ce akwai wani mutum a Allada, ita ba ta taɓa ganinsa ba, amma malaminta a wurinsa ya ɗauko duk abin da ta faɗa yanzu. Shekara ashirin da shida tsutsa ba ta shiga kejinsa ba. Ya je ya roƙe shi, ko kwana biyu ne, ya tsaya ya ga yadda ake yi da hannu.

Ya yi godiya, ya fita ba tare da ya kalli matan ba.

Sai a tashar mota ya warware takardar. An rubuta Papa Gbenukpo Hunsu. Ya daɗe yana kallon sunansa, yana tuna Ablawa, matarsa da ya binne wata biyar da suka wuce, wadda ta yi shekara ashirin da shida tana share kejin nan tana shanya ciyawa a bayan gida, shi kuwa yana zaune a ƙofar gida yana yi wa baƙi bayani.