Ranar da Aka Fitar da Hanne Daga Layi

A wani dogon hutu ana dafa wa yara shinkafa da wake a firamaren ƙauyenmu, can Ajingi. Innata ce mai zubawa. Ina layi bayan ƙawata Hanne, 'yar Fulani, sai mai kula da rabon ya janye ta gefe.

Ya ce, "'Yan ruga su jira, sai 'yan gari sun ƙoshi."

Inna ta dangwarar da ludayi. "Malam, abincin na yara ne. Ko in zuba wa kowa, ko ka zo ka zuba da kanka."

Amma Hanne ta riga ta tafi, kuma ba ta sake zuwa ba. Har yau ina jin haushinsa, da haushin kaina, don ni zama na yi na cinye nawa.