Zaren Inna Zainaba

Zaren bai kai kamu guda ba, amma duk ɗakin ba abin da Inna Zainaba ke ji da shi kamarsa. Mushen lakol, wato malamin makarantar boko na garinsu Agiye, shi ne ya auna mata shi a kan taswira, daga Yamai zuwa tsibirin Komoro, inda autanta Bashir ya ce ya samu aiki a jirgin kamun kifi. Shekara huɗu ke nan.

"Tafiyar kwana biyu ce, Inna," in ji shi ran da ya fara kira. "Jirgin sama uku, sannan motar Yamai."

Murya kam yana aikowa. Hoton teku ne dai kullum sai gobe. Ran nan suna magana aka jiyo kiran la'asar ta wayarsa daidai da na masallacin unguwa. Inna ta yi ta murna, wai ashe tare suke salla da ɗanta.

Talata da hantsi ciwo ya kayar da ita. Habi, babbar ɗiyarta, ta kira shi a waya.

"Bashir, in kana son ganin Inna da rai, taso."

Ya ce, "Yaya, kin san nisan. Sai Alhamis."

Wayyo, kwana biyu! Habi ba ta taɓa sanin tsawonsu ba sai a wannan karon. Inna ta ƙi koko, ta ƙi fura, ta naɗe zaren a yatsa. In ta farfaɗo sai ta kwance kaɗan, ta dafa da farce ta ce, "Yanzu yana nan."

Laraba da la'asar, saura gaɓar yatsa zaren ya ƙare, rai ya yi halinsa. Habi ta roƙi kawunnai a jira shi, suka ce gawa ba ta jiran baƙo. Kafin magariba an kai Inna makwancinta. Habi ta yi kuka har muryarta ta dishe, rabin kukan na tausayin ƙanenta ne, yana can sama cikin jirgi bai san ya zama maraya ba.

Alhamis ta fita tasha tarbarsa, don kada ya ji a bakin wani. Ya sauko daga motar Maradi, a rame, ba ko jaka. Da ganin idonta ya zube ƙasa yana kiran Inna.

Direban, wani dattijo, ya cire hula ya matso.

"Ɗan'uwanki ne, baiwar Allah? Allah ya jiƙan rai. Ni dai na rasa gane kansa. Shekara huɗu nake ganinsa yana dako a bayan kasuwar Maradi, tafiyar awa ɗaya da rabi daga nan. Tun Talata yake zaune gindin motata yana hawaye, in na ce shiga mu tafi, sai ya ce lokacin saukar jirginsa bai yi ba."